Bayan girgizar ƙasa: Taimakon da ke zama a hannun magini

 A Satumban 2025 ne aka cika shekara biyu da girgizar ƙasar da ta auka wa Maroko ranar Juma'a da daddare, 8 ga Satumban 2023, a lardin Al-Hauz da ke cikin duwatsun Atlas, kudu maso yammacin birnin Marrakesh. Girgizar mai ƙarfin maki 6.8 ta hallaka mutum sama da 2,900, ta rusa ko ta lalata gidaje kusan 60,000, mafi yawansu a ƙauyukan kan tudu inda ake gini da ƙasa da dutse da itace. Ana cikin shirin tunawa da wannan rana sai ga wata ta auku a gabashin Afganistan a ƙarshen watan Agustan 2025, wadda ta ci rayuka fiye da 2,000 a lardin Kunar da kewayensa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba waɗanda suka tsira haƙuri da mafita.

Idan irin wannan masifa ta faru, duniya kan zuba ido na mako biyu ko uku. Jiragen sama su sauka da tantuna da barguna da karnukan da ke shinshino mutane a ƙarƙashin ɓaraguzai, shugabanni su aika saƙon ta'aziyya, 'yan jarida su ɗauki hotuna su koma gida. Wannan agajin gaggawa ne, kuma babu mai raina shi, domin wanda aka zaƙulo da rai ba zai manta da hannun da ya jawo shi ba. Amma akwai aiki na biyu da ke farawa bayan ƙura ta lafa, wanda kan ɗauki shekara biyar ko goma, wato sake gina gidaje da makarantu da asibitoci ta yadda idan ƙasa ta sake motsawa ba za su rufta wa mutanen cikinsu ba. A nan ne ake maganar taimakon fasaha, inda wata ƙasa ke aika wa wata injiniyoyi da masu zanen gine-gine da masu gwajin ƙasa da masu horar da magina. Shi nake so mu duba a yau, kuma zan kawo maganar har gida, tsakanin Samaru da Sabon Garin Zariya, domin akwai namu a ciki.

Abu na farko da tarihi ya nuna shi ne, ranar masifa maƙwabci ke fara isowa, ko da kuwa ana gaba da shi. A watan Agustan 1999 girgizar ƙasa ta hallaka mutum sama da 17,000 a yankin Izmit na Turkiyya. Girka, wadda ta daɗe tana zaman doya da manja da Turkiyya a kan iyakokin teku da batun tsibirin Kubrus, tana cikin ƙasashen farko da suka tura masu ceto. Ba a yi wata guda ba sai ƙasa ta girgiza a babban birnin Girka, Turkawa kuma suka rama alheri. Kafin shekarar ta ƙare Girka ta janye adawar da take yi da a amince da Turkiyya a matsayin mai neman shiga Tarayyar Turai. A Fabrairun 2023 ma, bayan girgizar da ta kashe mutum fiye da 50,000 a Turkiyya da Siriya, an buɗe wata gada a kan iyakar Turkiyya da Armeniya karo na farko cikin shekara 35 domin motocin agaji su wuce. Sai dai ba kullum ake dacewa ba. Aljeriya, wadda ta yanke hulɗar jakadanci da Maroko a 2021, ta buɗe sararin samaniyarta ga jiragen agaji, ta kuma yi tayin tura masu ceto, amma Rabat ba ta karɓa ba. A kwanakin farko ƙasashe huɗu kawai Maroko ta amince su shigo da tawagoginsu: Sifaniya da Birtaniya da Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Hukumomin ƙasar sun ce suna gudun cunkoso da rashin tsari ne. Ko ma mene ne dalili, ƙwararrun da ke bayan katanga sun zauna a gida, na nesa suka zo. Zumunta a ƙafa take, kuma hanyar da ba a bi lokacin lafiya ciyawa ke rufe ta kafin ranar buƙata.

Abu na biyu shi ne, yawan kuɗin da aka tara ba ya nuna yawan gidajen da za a gina. Babu inda wannan ya fito fili kamar Haiti. Girgizar 12 ga Janairun 2010 ta ragargaza babban birnin ƙasar, gwamnati ta ce mutum fiye da 200,000 sun mutu. Duniya ta yi alkawarin biliyoyin daloli, ƙungiyoyin agaji suka cika gari da motocinsu da ofisoshinsu da ma'aikatan da suka zo da su daga waje. Bayan shekara biyar wani binciken 'yan jarida a Amurka ya gano cewa ƙungiyar Red Cross ta ƙasar, wadda ta tara kusan dala miliyan 500 da sunan Haiti, gidaje shida kacal na dindindin ta gina, ko da yake ƙungiyar ta ce ta kashe kuɗin a wasu fannoni kamar matsugunan wucin-gadi da kiwon lafiya. Ban da haka, cutar kwalara ta ɓarke daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kashe mutum kusan 10,000, har sai da Babban Sakatare Ban Ki-moon ya nemi afuwar mutanen Haiti a 2016. A cikin wannan taron 'yan agaji, maƙwabciyarta Jamhuriyar Dominikan, da suke zaune a tsibiri ɗaya kuma suke da tsohuwar tsama, ita ta fara kai ɗauki, daga baya ta gina mata harabar jami'a a garin Limonade, aka buɗe a Janairun 2012.

A gwada wannan da abin da ya faru a Nepal bayan girgizar 25 ga Afrilun 2015, wadda ta kashe mutum kusan 9,000. Maƙwabciyarta Indiya ta yi alkawarin dala biliyan ɗaya, wani kaso kyauta, wani kaso rance, kuma ta ɗauki nauyin gidaje 50,000 a gundumomin Gorkha da Nuwakot. Abin lura a nan shi ne yadda aka yi aikin. Ba a kawo 'yan kwangila su jera wa mutane gidaje iri ɗaya a wani fili can bayan gari ba. Mai gida shi ya gina gidansa a filinsa, gwamnati na ba shi kuɗi kashi uku, kuma ba a sakar masa kashi na gaba sai injiniya ya zo ya duba ya tabbatar an bi ƙa'ida. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ɗora wa ɓangaren fasaha suka zaunar da injiniyoyi da masu horarwa a ƙauyuka, suna koya wa magina aiki a bakin gini. An yi jinkiri, an yi ƙorafi a kan takardu da ƙarancin kuɗin, mutane da dama sun ci bashi kafin su kammala. Duk da haka, ranar da baƙin suka naɗe kayansu sun bar magina a baya waɗanda suka san abin da ke riƙe ɗaki, kuma kowane gidan da waɗannan magina za su gina nan gaba ribar wancan taimakon ne.

To, wane ilimi ne wannan da ake ɗauka daga wata ƙasa zuwa wata? Mafi yawansa bai fi ƙarfin birkilan da ya iya aikinsa ba. An saba gina ɗaki domin ya ɗauki nauyin da ke danno shi daga sama, ita kuwa girgizar ƙasa jijjiga shi take yi gefe da gefe, kamar mai tankaɗen gari. Bango huɗu da ba a ɗaure su da juna ba sai kowanne ya kama gabansa, su rabu a kusurwa, rufi mai nauyi ya faɗo a kan masu barci. Maganin shi ne a yi wa ɗakin ɗamara ta kankare da rodi, ko ta katako mai ƙwari, a zagaye shi da ita a kan harsashi, da daidai saman ƙofa da taga, da ƙarƙashin rufi. A sarƙe tubali ko bulo da kyau a kusurwa, a nisanta ƙofa da taga daga kusurwar, a rage nauyin abin da ke sama. A ginin bene kuwa, zobban da ke riƙe rodin ginshiƙi dole a matso da su kusa da juna a wajen da ginshiƙi ya haɗu da dekin, a lanƙwasa bakinsu ciki sosai yadda ba za su buɗe ba. Benaye da yawa da suka zube a Turkiyya a 2023 masu shaguna ne a ƙasa, inda aka rage bango domin a faɗaɗa wurin ciniki, kuma tun a 2018 gwamnati ta yi wa ɗimbin gine-ginen da suka saɓa ƙa'ida afuwa bayan masu su sun biya kuɗi. Makonni kaɗan bayan masifar Haiti, ƙasar Chile ta gamu da girgiza mai maki 8.8, wadda ta ninka ta Haiti ƙarfi sau ɗaruruwa, amma mutum ɗari biyar da 'yan kai ne suka mutu. Chile na da dokar gini mai tsauri kuma ana binta, wannan na cikin manyan dalilan bambancin.

Akwai wani tarko da masu kawo taimako kan faɗa, wato su ɗauka cewa duk ginin ƙasa koma-baya ne, siminti kuma shi ne ci-gaba. A Pakistan, bayan girgizar Kashmir ta Oktoban 2005 da ta hallaka mutum fiye da 70,000, hukumar sake gina yankin ta fara da tsare-tsaren da suka dogara ga siminti da rodi. Mutanen kan dutse, waɗanda mota ba ta isa ƙauyukansu, suka ci gaba da gininsu na gado, wanda ake sarƙa katako a cike tsakaninsa da duwatsu da laka. Da masana suka duba sai suka ga irin wannan gini yana jure jijjiga, hukumar ta amince da shi, aka gina dubun-dubatar gidaje a kan wannan tsari bayan an gyara raunin da ke cikinsa. A Maroko ma muhawarar ke nan. Gwamnati ta ware dirhami biliyan 120 na shekara biyar domin farfaɗo da yankin, ta ba mai gidan da ya rushe gaba ɗaya dirhami 140,000, wanda nasa ya lalace kuma 80,000. Har bayan shekara guda akwai iyalai a cikin tantuna suna ƙorafin an tsallake su, masu zanen gine-gine na ƙasar kuma suna kukan cewa bulon siminti na maye gurbin ƙasa da dutse a ƙauyukan da sanyi ke tsanani da hunturu, zafi kuma da bazara. Ginin siminti da aka yi wa ha'inci ya fi ginin ƙasa mai ɗamara haɗari, domin in ya tashi zubewa ba ya barin ko ratar da mutum zai yi numfashi.

Na san mai karatu zai ce, mu ina ruwanmu da girgizar ƙasa, ga yunwa ga 'yan bindiga? Gaskiya ne ƙasarmu na zaune a kan tsohon dutse mai natsuwa, nesa da wuraren da faya-fayan ƙasa ke gogayya, saboda haka haɗarin bai kai na Turkiyya ko Nepal ba, kuma bai kamata a tsorata mutane a banza ba. Sai dai natsuwar ba cikakkiya ba ce. A Satumban 2016 ƙasa ta motsa a Kwoi, cikin wannan jiha tamu ta Kaduna, bangaye suka tsattsage, mutane suka kwana a waje. A Satumban 2018 aka ji irinta a Mpape da ke Abuja. A yankinmu na Afirka ta Yamma, birnin Akara ya sha girgiza mai kisa a 1939, arewacin Gini kuma ya rasa ɗaruruwan mutane a Disambar 1983. A Kamaru, iskar gas da ta taso daga tafkin Nyos a Agustan 1986 ta kashe mutum fiye da 1,700 cikin dare ɗaya, kuma fargabar ɓallewar bakin wannan tafki na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba. Masifar maƙwabci ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Amma babbar amsa ita ce, abin da girgiza ke yi wa wasu cikin daƙiƙa talatin, ruwa da sakaci na yi mana shi a kowace damina. A duba masallatai uku. Ranar Juma'a, 11 ga Agustan 2023, wani sashe na Masallacin Juma'ar Zazzau ya rufta ana sallar La'asar, aka rasa rayuka aƙalla bakwai. Wannan shi ne masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, cikin shekarun 1830, wanda masana gine-gine na duniya ke ambato idan ana maganar ƙwarewar Bahaushe a ɗaurin guga da bakan gizo. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a bangon kwana guda kafin nan, ana kuma shirin kiran injiniyoyi sai ƙaddara ta riga fata. Juma'a huɗu bayan haka girgizar Maroko ta rusa mafi yawan Masallacin Tinmel, wanda daular Muwahhiduna ta gina a ƙarni na 12. Da aka shiga Satumban 2024 sai ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina da ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19. A wannan damina ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Jamhuriyar Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, Maraɗi na cikin jihohin da abin ya fi muni, a daidai lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Ɗaya girgiza ce ta kayar da shi, biyu ba su ga girgiza ba, amma tambayoyin da za a yi a kansu iri ɗaya ne: yaya harsashi yake, ina ruwa ke bi, me gara ta yi wa azara, wa ya duba, kuma yaushe?

A nan ne Samaru ta shigo cikin magana. Babu garin da ya san daɗin taimakon fasaha a Arewa kamar Samaru. Tashar binciken aikin gona da aka kafa a can a 1922 ita ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa jami'ar a 1962. A shekarun 1960 malamai daga Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka sun zo sun taimaka wajen kafa tsangayar aikin gona da ta likitancin dabbobi, suka horar da 'yan ƙasa, suka tafi suka bar musu aikin. Yau irin masara da dawa da wake da gyaɗa masu ɗauke da sunan Samaru suna gonakin manoman da ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba, saboda an gina gada tsakanin ɗakin bincike da gona. Gadar ita ce malamin gona, da hukumar NAERLS da ke nan Samaru tana fassara bincike zuwa harshen manomi. A harabar nan kuma akwai sashen zanen gine-gine da ya girmi kowanne a Nijeriya, akwai sashen injiniyan gine-gine, da na kimiyyar gini, da na ilimin duwatsu, da cibiyar nazarin bala'o'i. Abin tambaya shi ne, ina malamin gini? Manomi na da wanda zai zo gonarsa ya nuna masa tazarar shuka. Wa ke zuwa bakin gini ya nuna wa birkila tazarar zoben rodi?

Daga ƙofar jami'a zuwa kasuwar Sabon Gari, a bi ta Kwangila, tafiya ce da ba ta kai rabin sa'a ba, kuma duka biyun suna cikin ƙaramar hukuma ɗaya. Sabon Gari, wanda ya taso da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20, shi ne inda ake yanke hukuncin ko gini zai tsaya ko zai zube, tun kafin a haƙa harsashi. A can masu sayar da siminti da rodi da kwano suke, da 'yan katako, da masu buga bulo, da birkiloli da kafintoci da leburorin da ke jiran mai ɗauka da sassafe. Mai gida talaka ba ya zuwa wurin injiniya, wurin birkilan unguwa yake zuwa, shi kuma birkila abin da ubangidansa ya koya masa shi yake yi. Tsadar siminti ta sa ana cika yashi har bulo ya riƙa marmashewa a hannu, ana sayen rodin da bai kai kaurin da aka ambata ba, ana ɗora bene a kan harsashin da aka yi domin ɗaki ɗaya, ana fasa bangon ƙasa a mayar da shi shago. Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma da Turanci yake, mai kauri ne, kuma bai iso hannun waɗanda ke riƙe da cebur ba. Mun ga sakamakon irin wannan a benen Ikoyi da ya rushe a Nuwamban 2021 ya kashe mutum fiye da 40, da makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos a Yulin 2024, aka rasa rayuka 22. Babu ƙasar da ta girgiza a ranakun nan biyu.

Kada kuma a ɗauka cewa ilimin daga jami'a kaɗai zai gangaro. Maginan gargajiya na da abin da babu shi a littafi: yadda ake zaɓen ƙasa a kwaɓa ta da ciyawa a bar ta ta ruɓa, yadda ake jera azarar giginya a ɗaure baka, yadda ake yaɓe da makuba domin ruwa ya zame, yadda ake saita indararo ya zubar nesa da gindin bango. Masu wannan sani suna tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo ko acaɓa. Wani masani ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya shafe shekaru yana auna gine-ginenmu na gargajiya yana zanawa, kuma aikinsa ne ya haifar da gidan tarihin gine-gine na Jos, inda aka kwaikwayi Masallacin Zazzau. Abin kunya ne a ce baƙo ya fi mu damuwa da adana abin da kakanninmu suka bari. Maƙwabtanmu na Nijar kuwa sun sha gabanmu a nan. Masallacin Yama da ke jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Tun daga shekarun 1980 aka riƙa horar da magina a Nijar kan gini marar itace, wanda ake rufe ɗaki da tubali zalla. A garin Dandaji, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta sun mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, tare da maginan gargajiya a cikin aikin. Idan aka buɗe hanyar taimako tsakaninmu da su, kaya za su riƙa tafiya ne ta ɓangarori biyu.

Kayan aikin buɗe wannan hanya kuwa suna nan. Tun 1987, zamanin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke Ministan Harkokin Waje, Nijeriya ta kafa shirin tura ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da na yankin Karibiyan da Fasifik, suna aikin shekara biyu da kuɗin ƙasarmu, galibinsu likitoci da ma'aikatan jinya da malamai. Akwai kuma Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai hedkwata a Yamai. Ga shawarwarina. Na farko, Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli su haɗa kai da ƙungiyoyin birkiloli da masu buga bulo na Sabon Gari a fara gajerun kwasa-kwasai da Hausa, a bakin gini, da ɗan littafi mai hotuna da shiri a rediyo, ɗaliban ajin ƙarshe su zama malaman gini na farko. Na biyu, a riƙa kai awon ƙarfin bulo da kaurin rodi cikin kasuwa, wanda kayansa suka cika ƙa'ida a ba shi shaidar da zai rataya a ƙofar shago, masu saye su san inda za su dosa. Na uku, masarauta da jami'a su tattara sunayen maginan gargajiya da suka rage, a rubuta saninsu, a kuma sa ranar duba tsofaffin masallatai da soraye kowace shekara kafin ruwan farko. Na huɗu, duk lokacin da hukumar NEMA ko ta jiha za ta raba siminti da kwano ga waɗanda ambaliya ta shafa, a haɗa da mai duba gini, a kuma bayar kashi-kashi kamar yadda aka yi a Nepal. Na biyar, a kafa tawagar injiniyoyi da magina a ƙarƙashin shirin tura ƙwararrun nan, a yi musayar ɗalibai da magina tsakanin Samaru da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, tun ba a buƙace su ba.

Wani zai ce siyasa ba za ta bari ba. Lallai dangantaka ta yi tsami tun juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka aka yanke wutar lantarki, kuma ko da aka ɗage takunkumi a 2024, Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Amma iyakar nan mai tsawon kimanin kilomita 1,500 ta ratsa ne ta tsakiyar dangi ɗaya, masu harshe ɗaya da ƙasar gini iri ɗaya da damina ɗaya. Birkilan Zariya ba ya buƙatar tafinta a Maraɗi, kuma wannan gata ce da babu injiniyan Turai ko na Asiya da zai iya saye da kuɗi. Girka da Turkiyya sun jira sai da gawarwaki suka taru kafin su miƙa wa juna hannu. Aljeriya da Maroko ko a ranar ma ba su iya ba. Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci ƙwarai, kuma bai sharɗanta sai shugabanni sun shirya ba. Malaman jami'a da sarakuna da ƙungiyoyin masu sana'a na iya fara abin da 'yan siyasa za su tarar daga baya.

Mutuwa da rayuwa na hannun Allah, babu ɗamarar da za ta hana ajali. Amma Shi ne Ya ba mu hankali Ya kuma ɗora mana amanar rayukan da ke kwana a ƙarƙashin rufin da muka ɗora. Idan damina ta ƙare, masu gini za su dawo bakin aiki da kaka, kuma waɗanda ruwa ya cinye wa ɗakuna za su sake ginawa da hannun birkilan da ya gina na farko, da irin bulon da ya narke. Ba a fafe gora ranar tafiya. In ana son damina mai zuwa ta tarar da bambanci, tsakanin kaka da watan Afrilu ne ya kamata malaman Samaru su gangara Sabon Gari, maginan Sabon Gari da na cikin Birni kuma su haura Samaru, a zauna a kan tabarma ɗaya. Allah Ya kiyaye mu da maƙwabtanmu daga masifun sama da na ƙasa.